Kwalliyar ƙananan kyandir da kayan kaka

Kaka ta shigo, alhamdulillahi. Ruwa ya ɗauke, amalanke sai shigowa gari suke da dammunan gero, sabon wake ya hito, aya da gyaɗa sun cika bakin kasuwa, in dare ya yi kuma ki ji wata ƴar iska mai sanyi-sanyi ta fara kaɗawa. Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba shi ne lokacin da na hi son in baje tabarma in zauna ina yi ma ƙananan kyandir kwalliya, buji dai irin na butik wanda kowa ya sani, da kuma waɗanda nike narkawa in zuba da kaina cikin kofunan shayi. Mata da yawa in sunka shigo ɗakina sai sun tambaya daga ina na sawo, Kano ko Yamai, in ce masu wallahi ba inda na tahi, rabin kayan daga madafa na ɗauko su rabi kuma daga bakin masussuka. To shi ne na ce bari in zayyana yadda abin yake, don wadda ke da sha'awa ta gwada tun kayan kaka na nan a wadace.

Inda na fara ganin abin a waya ne. In Satumba ta kama sai hotuna su cika Facebook da Pinterest da TikTok, matan Amurka da Kanada da Faransa na jera buji cikin jajayen ganyaye da kabewa da ƴaƴan itatuwan dajinsu. Su can lokacin ne yini ke gajarcewa, sanyi na matsowa, ganye ya rikiɗe ya koma ja da ruwan ɗorawa kahin ya zube, irin ganyen nan da ke jikin tutar Kanada. Kabewar kuma tana da nasaba da bukukuwansu, na ranar 31 ga Oktoba da kuma na godiya da Amurkawa ke yi ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Abin ya yi masu kyau ƙwarai saboda abin da ke ƙofar gidansu ne sunka ɗebo. Abin da ke sosa min rai shi ne in ga ƴar Maradi ta kashe kuɗinta ta sawo ganyen roba mai siffar wani itace da ba ta taɓa zama inuwarsa ba, ta liƙa jikin buji ta ce ta yi adon kaka. Mu kakarmu lokacin cikar rumbu ce. Dubi gawo ma, duk damina ba shi da ganye, sai yanzu da ruwa ya ɗauke zai fara tohowa ya yi kore shar. Launukanmu na wanga lokaci daban suke, toka-toka na ƙwayar gero, ja mai duhu na soɓorodo, ruwan ƙasa na aya, farin wake mai baƙin hanci, ruwan zuma na busasshen kara. Su nike son in gani jikin fitila a ɗakin Bahaushiya.

Akwai kuma masu cewa ai kunna buji don ado ba namu ba ne. Ni dai ban ga inda ya saɓa ba. Iyayenmu da aci-bal-bal sunka tashi, ɗan kasko da man gyaɗa ko man kaɗe da lagwanin auduga, kuma mace mai tsabta ko shi ɗin sai ta goge shi ta samo mashi mazauni mai kyau. Har yau in an ɗauke wuta, kun dai san ana ɗaukewa, gidaje da yawa buji ke hidda su in tocila ba caji. Abin da za ki kunna ko ta ƙaƙa, mi zai hana ki gyara shi ya yi kyan gani.

Amma kahin komi sai mun yi maganar wuta, don ita ce ta hi damuna. Duk kayan kaka busassu ne. Hotuna da yawa da ake yaɗawa za ki ga an cusa busassun furanni da kirfa da ɓawon lemu cikin kakin kansa, dab da lagwani, a hoto gwanin sha'awa don ba a kunna ba, ko an kunna na minti guda an ɗauka an kashe. In kika bar shi ya ci da gaske, kakin zai narke ya jiƙa ganyen, ganyen kuma ya zama lagwani na biyu da na ukku, kan ki ankara bakin kofin duka ya kama gilashi ya tsage narkakken kaki ya malalo bisa tebur da wutarsa. Don haka ƙa'idata guda ce kuma ba na sassauta ta: ado a waje, wuta a ciki, gilashi ko ƙarfe a tsakaninsu. Duk abin da zan faɗa nan gaba game da busassun kaya bisa wannan ya hau.

Shi kakin iri-iri ne, ya kamata ki san wanda ke hannunki. Farin buji na butik farafin ne, daga ɗanyen man fetur ake hidda shi, tun cikin shekarun 1850 Turawa sunka fara yin kyandir da shi, kahin nan da kitsen dabba da kakin zuma ake yi. Shi ne mai arha kuma shi ke ko'ina, yana narkewa tsakanin digiri 46 zuwa 68 gwargwadon irinsa, amma tun kahin ya kai ga narkewa yake fara laushi, shi ya sa a Afrilu da Mayu da zahin Maradi ke wuce digiri 40 za ki tarar da buji ya lanƙwashe cikin kwalinsa. Ko a farkon Oktoba ma akwai zahin kaka, in za ki yi aikin ki yi da sahe ko bayan la'asar. Kakin zuma ya hi shi juriya, sai wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, ga launinsa na Allah da bai buƙatar rini, ga ƙamshi. In kina da wanda ke kawo maki zuma daga ƙauye ki roƙe shi ya riƙa aje maki saƙar bayan an matse, da yawa zubarwa suke. Ki sa ta cikin tsohuwar tukunya da ruwa bisa wuta kaɗan-kaɗan, in ta narke ki tace da tsumma mai tsabta ki bari ya huce, kakin zai taso sama ya daskare ya bar datti a ƙasa, sai ki kankare gindin. Akwai kuma na waken suya da ake ta talla a intanet, wanda anka fara yi a Amurka cikin shekarun 1990, yana ci a hankali amma bai son zahi ko kaɗan, ban ba ƴar garin nan shawarar ta wahalar da kanta a kansa ba.

Mahi sauƙi ga mai farawa shi ne ƴan gajerun nan masu zuwa cikin ɗan gwangwanin alminiyom, faɗinsu bai kai santimita 4 ba, kowane na ci wajen awa 4. Mazauninsu kike yi ma ado, in ɗaya ya ƙare ki ɗauke ki saka wani, aikinki na nan bai lalace ba. Mazaunin kuwa ba sai kin saya ba, kwalbar mayonez da ta ƙare, kofin shayi mai kauri da ya rasa ƴan uwansa, ƴar kwalbar zuma, duk suna yi. A jiƙa cikin ruwan zahi da sabulu a ɓare takardar, a goge da alkol na farmasi don maiƙo ya hita, in ba haka ba gam ba ya kamawa.

Aikin gero shi na hi so kuma shi ya hi cin lokaci. Ki samu farin gam irin na kafintoci, wanda in ya bushe yake komawa garai-garai. Kada ki shahe kwalbar duka, haske zai rasa hanyar hita. Ni nikan tsoma tsinke cikin gam in ja layi biyu ko ukku, ko in yi zobe a gindi mai faɗin yatsa biyu, sannan in mirgina kwalbar cikin faranti da na baza gero, ya kama inda gam yake ya bar sauran. In ya ɗan sha iska sai in ɗauki wani tsinken in bi bakin layin ina gyarawa ƙwaya-ƙwaya, wadda ta kauce in maido ta, inda ya yi giɓi in cike, kuma wallahi nan ne ake gane aikin da anka zauna ma da wanda anka yi a tsaye. Wani abu da ke ƙara mashi kyau, ki raba geron kashi ukku, ɗaya ki ɗumama shi kawai cikin kasko ba mai, ɗaya ki soya sama-sama, na ukkun ki bari ya yi duhu sosai. Kin samu launi ukku daga hatsi guda ba ki sayi fenti ba, in kika jera su layi bisa layi daga mai duhu zuwa mai haske sai ki rantse rina shi anka yi. Zahin kaskon kuma na kashe ƙwan ƙwarin da ke ɓoye cikin hatsi, ba za ki wayi gari ki ga gari-gari na zuba daga jikin kwalbarki ba. In kin gama ki bi samansa da gam da kika tsinka da ɗan ruwa, shi zai riƙe ƙwayoyin ya kuma rage ma tururuwa sha'awa. Riɗi ma na yi, tunda ƙwayarsa ƙanana ce ana hidda siririn zane da shi, har dagi yana hita tsaf in hannunki bai rawa. Wake da aya sun yi nauyi, su sai dai a jera layi guda a gindi, kuma a bar kwalbar a kwance har gam ya kama kahin a juya.

Wata gwaggona da ta tarar da ni ina wanga aiki ta tsaya ta duba ta ce, "Ɗiyata, hatsi fa ba abin wasa ba ne." Na ce, "Gaskiyarki Gwaggo." Kuma gaskiyar tata ce, a ƙasar da munka san abin da ake nuhi da shekarar da gero bai yi ba, ba wanda zai so ya ga ana watsa abinci don ado. Shi ya sa ba na taɓa na cikin tiya. Wanda nike aiki da shi na shara ne, wanda ya zube ƙasa wajen sussuka ya haɗu da rairayi, in sheƙe in tsince, cikin tahin hannu guda na isar kwalabe da dama. Zangarniyar da tsuntsaye sunka riga sunka cinye rabinta ita ma ba mai kai ta rumbu, ita nike karɓa. Ina roƙon duk wadda za ta gwada ta kiyaye wannan.

Soɓorodo kuwa ba abin da ya kai shi in wuta ta hasko ta bayansa. Ki zaɓi busasshe mai ja sosai, ki ɗan yayyafa mashi ruwa ya yi laushi, ki buɗe shi ki danne cikin tsohuwar jarida ƙarƙashin abu mai nauyi har ya bushe a miƙe. Nan ba na sa farin gam, ƙaro nike jiƙawa cikin ruwan ɗumi ya kwana, shi dai ƙaron da malamai ke sa ma tawada. Ki shafa ruwan ƙaron jikin gilashi, ki ɗora soɓorodon, ki sake bi ta sama. Jan zai ɗan zuba cikin ƙaron ya ba gilashin wani launi ja-ja mai sheƙi, kada ki goge, shi ne kyan abin. Sai dai ki sani rana na cin wannan launi, in kika aje shi bakin taga zai koma ruwan ƙasa, kuma in hunturu ya tsananta ƙaro kan tsattsage. Na kakar bana ne kawai, baɗi in Allah ya kai mu ki sake wani.

Ganye ma haka ake yi mashi. Na bedi da ya cika titunan garin nan, da bakinsa mai zarto-zarto, yana hita da kyau ƙwarai, na zogale kuma ƙanana ne ana jera su su zagaye kofin shayi. Kalgo ya yi kauri haske bai ratsa shi, amma yana ba da inuwa mai kyau. Mako guda zuwa biyu cikin jarida ya isa, ki riƙa canza ta in ta yi danshi don kada ya yi hunhuna.

Sai sillen kara. Ki yanka su tsawo ɗaya, su gaza bakin kwalbar da santimita guda ko biyu, wannan dole ne, kada ko ɗaya ya leƙo sama inda harshen wuta zai iya lasarsa. Ki sa roba ta zagaye kwalbar tukuna, ki riƙa sossoka karan ƙarƙashinta har su kewaye, sannan ki ɗaure da siririyar kaba ko igiyar rama ki cire robar. Sai ya zama kamar ɗan danni ya kewaye wuta, haske na hitowa ta tsakankaninsa. Masu hali na yin wannan da sandunan kirfa, ni kuma nikan soka ƴan kanumfari cikin ɗaurin, in gilashi ya ɗumama sai ɗan ƙamshinsu ya taso. In kina son ya ƙara armashi ki je wajen dukawa ki roƙi guntayen jar fata da sunka rage, mu da jar akuyarmu ta yi suna har ƙasashen waje saboda fatarta ai bai kamata mu ɗaure da kirtanin leda ba, ki yanka siririya ki zura wuri guda ko tsakiya biyu ki ɗaura a wuyan kwalbar.

To masu son yin zane jikin bujin kansa, musamman ƴan uwana masu ƙunshi, akwai abin da ya kamata ku sani. Lalle bai kama kaki. Abin da ke rina a cikinsa da fata da farce da gashi yake haɗuwa, in kika zana jikin buji zai bushe ya ɓare ya bar wurin fari fat. Amma hannun da ya iya zanen lalle ya riga ya gama koyon aikin, abin zubawar kawai za ki canza. Ki samu fentin akrilik na masu zane, ki zuba cikin ledar da kike murɗawa ta ƙunshi, ki goge jikin bujin da alkol, sai ki zana abinki, fure ne ko ɗigo-ɗigo ko zanen da kike yi ma amare a bayan hannu. Ruwan ƙasa mai duhu bisa farin buji shi ya hi kama da lalle na gaske, ruwan gwal kuma na hawa kakin zuma. Wannan aikin na buji mai kauri ne wanda wuta ke cin tsakiyarsa ta bar bango, ki bar wajen santimita 2 daga sama ba fenti. In siririn ne na butik to ki tsaya a kashi ɗaya cikin ukku na ƙasa, wuta na kusantar zanen ki kashe. Wata hanyar kuma ita ce ta masu zanen ƙwarya, ki ɗan ɗumama bakin ƙusa ko babbar allura ki karce zanen cikin kakin, ki shafa fenti ki goge da tsumma nan take, fentin zai zauna cikin karcen kawai. Wannan ya hi daɗewa don ba ya ɓarewa.

Maganar rina kakin kansa, kada ki ɓata lokaci da ruwan soɓorodo ko kalar kek, duk abin da ke da ruwa bai haɗuwa da kaki, zai taru a gindi ne kuma in wuta ta kai gare shi ya riƙa tartsatsi. Kreyon na kaki da yara ke zane da shi yana narkewa ya ba da launi, sai dai garin launin na toshe lagwani wutar ta riƙa mutuwa. Dabarar ita ce a yi amfani da shi a waje kawai. Ki narka farafin da guntun kreyon cikin dogon gwangwani, ki riƙe farin buji ta sama ki tsoma rabinsa ki ciro, ya sha iska, ki sake tsomawa amma kada ki kai inda na farko ya tsaya, haka-haka har gindin ya yi duhu yana haske yana hawa. Kurkum ma na ba da ɗorawa mai taushi in kika bar shi cikin narkakken kaki na ɗan lokaci kika tace da kyau, shi ma dai rana na kashe shi.

Narkarwa kuma ba a ɗora kaki bisa wuta kai tsaye, ko gawayi ne ko gaz. Ki zuba guntayen cikin gwangwani, ki sa gwangwanin cikin tukunya mai ruwa, tunda ruwa bai wuce digiri 100 kakin ba zai kai zahin da yake kamawa da kansa ba, wanda ke can sama da digiri 200. In tsautsayi ya sa ya kama, kada ki kuskura ki watsa ruwa, tashi zai yi ya fantsama, ki kashe wutar ƙasan ki rufe da marhin tukunya. Lagwani na auduga zalla ake yi, ki tufka zare ukku ki tsoma cikin kakin ki miƙar ya bushe, zaren nailan narkewa yake. Ki tsayar da shi a tsakiyar kofin, ki matse samansa tsakanin tsinke biyu da kika gitta bisa baki, don in ya karkata wuta za ta riƙa dukan gefe guda gilashin ya fashe. Farafin na shanyewa in ya huce ya bar rami a tsakiya, ki rage kaɗan a gwangwani ki sake narkawa ki cike. Mai son ƙamshi ta sa turare na mai, masu sana'ar kan tsaya tsakanin kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na nauyin kakin, ban da na fesawa don akwai alkol ciki. Kahin kowane kunnawa a datse lagwani ya rage kamar rabin santimita, shi ke hana hayaƙi ya baƙanta maki kwalbar da kika sha wahala a kanta.

Gwangwanin tumatir da na madara ma kada ki zubar. Ki cika da ruwa ki sa firigo ya daskare, ko ki danƙara jiƙaƙƙen rairayi ciki don kada ya lotse, ki zana abin da kike so da alli ki bi da ƙusa da guduma kina hudawa. In kika sa ƙaramin buji ciki hasken zai hito ɗigo-ɗigo ya watsu jikin bango, kuma shi ne ya hi dacewa da tsakar gida don iska ba ta kashe shi. Yana yin zahi sosai, ba a ɗauka da hannu sai ya huce. Ƙoƙo da ƴar ƙwarya suna da kyau amma su ma itace ne, sai an zuba rairayi an zaunar da kofin gilashi ciki. Ɗan kaskon ƙasa, irin na maginan tukwanenmu ko masu zanen nan na Mirriya, shi ma ban zuba kaki cikinsa kai tsaye, ƙasar da ba a toshe ba tana shan kaki har ita kanta ta iya kamawa, buji da gwangwaninsa nike ɗorawa bisa rairayi.

Wajen jerawa nikan samu babban tire na ƙarfe in baza rairayi mai tsabta da na tankaɗe, in zaunar da kwalabe ukku ko biyar masu tsawo daban-daban da ɗan tazara tsakaninsu, in watsa aya da ɓawon gyaɗa ta bakin tiren. Zangarniyar gero tana cikin wata doguwar kwalba can gefe, nesa da wuta da kamu biyu ko hi. Faifai na da kyau ƙarƙashi amma sai da faranti a kansa. Ki duba sama da gefe kahin ki ƙyasta alimeti, labule, mayahi da ke rataye, uwa uba sange, don kaka lokacin sauro ne kowa da nashi a ɗaure, kuma sange in wuta ta taɓa shi kan ki ce kwabo ya tahi. In hunturu ya kankama komi ya bushe ƙayau ga iska, shi ne lokacin da munka hi jin labarin gobara a unguwanni da ƙauyuka. Ba a barin buji da yara su kaɗai, ba a hita a bar shi ko da nan da maƙwabta ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce mu da kashe fitilu in za mu kwanta, har ya ambaci ɓera da kan ja lagwani ya ƙone ma mutanen gida gidansu, kuma gero jikin kwalba ai gayyatar ɓera ne in ba a kula ba, don haka in kin kashe ki kife kwano a kai ko ki sa cikin kabad.

Tunda kaka lokacin bukukuwa ce, wanga abu na shiga cikin gudummawa ƙwarai. Kofunan shayi shidda da anka zuba ma kakin zuma anka ɗaure da jar fata, ko buji biyu masu kauri da zanen ƙunshi, in kika kai ma amarya za ta jera su gaban kayanta tana nuna ma baƙi. Wadda ke neman ƴar sana'a a cikin gida ma ga hanya, jarin kaɗan ne, sai dai don Allah in za ki sayar ki gaya ma mai saye yadda ake kunnawa da inda ba a ajewa. Yara kuma a ba su tsintar ganye da jera shi cikin jarida da mirgina kwalba cikin gero, suna so sosai, amma narka kaki da ƙusa mai zahi na manya ne.

In kaka ta wuce, waɗanda ba ki kunna ba ki naɗe kowane cikin takarda daban don kada launi ya shahi wani, ki kwantar da su cikin kwali a wuri mai sanyi, kusa da randa in akwai, kahin zahin Maris ya iso. Kofunan da sunka ƙare ki sa su firigo na ɗan lokaci, ragowar kakin zai tsuke ya ɓallo da kansa, ki tara shi cikin gwangwani don narkawa ta gaba, kada ki zuba narkakkensa a magudanar ruwa yana toshewa. Ƙaro da farin gam duk suna saki in kwalba ta kwana cikin ruwan ɗumi. Kofin da anka taɓa zuba ma turare kuma kada ya koma wajen shayi, ƙamshin bai hita duka, ki ware shi na buji ne kawai.